Kawu da Ƙofofin da Ba a Gina Ba

Na Allah ne mu, kuma gare shi kowa zai koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu komawa wata ranar Talata a ƙarshen bazara, bayan jinyar kwana huɗu, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Duk wanda ya shigo gaisuwa, ya zauna a tabarma, aka shafa addu'a, magana ɗaya yake yi: "Allah ya jiƙansa, mutum ne mai haƙuri."

Wannan maganar ce ta sa na ɗauki biro, don ni ban ga haƙurin Kawu ba. Namu na gani. Inna, mahaifiyata, ta yi haƙuri da shi tun suna yara. Matarsa ta yi haƙuri da tuwon da ke hucewa yana can daji yana ƙirga taku. Ni kuwa, da na tashi a gidansa tun rasuwar mahaifina, na yi haƙurin da ƙafafuna ba su manta ba har yau.

Mutum ɗaya ne ya faɗi gaskiya a zaman makokin nan, wani mai adaidaita daga Kura. Ranar sadakar uku ina zaune kusa da zaure, sai na jiyo muryarsa daga waje cikin maza.

"Wallahi sau ɗaya na ɗauki Baba, ban ƙara ba. Fili fetal, ga inda za mu can ina hangowa, sai na miƙe. Ya daki kafaɗata ya ce, 'Kai, cikin masallaci za ka shiga da abin hawa?' Na duba gabas, na duba yamma, ba komai sai busasshiyar ciyawa da akuya guda. Na ce, 'Baba, ina masallacin?' Ya ce, 'Ga shi kana kan sahun mata.'"

Maza suka tuntsire da dariya, sannan suka tuna inda suke, aka shiga istigfari. A cikin gida mata suka toshe baki da mayafi, kafaɗu na rawa. Inna ta share ido ta ce, "To, wannan dai ya san shi."

Ga wanda bai san shi ba, bari in yi bayani. Kawu ma'aikacin ruwa ne tun yana saurayi. Aikinsa buɗe ƙofofin kanal da rufe su, ya raba wa masu shinkafa da albasa da tumatir ruwa, kowa da ranarsa, tun daga gefenmu har ƙauyukan Bunkure. Bokonsa bai wuce na yaƙi da jahilci ba, amma in ya tsaya ya kalli gona, zai gaya maka inda ruwa zai gudu da inda zai kwanta.

Ina 'yar shekara goma aka yanki wani makeken fili a bayan gonakin shinkafa na ƙarshe, aka ce jami'a za a gina. Mutane suka zo daga birni da na'urori masu ƙafa uku, suka yi aune-aunensu, suka koma suka zano babbar taswira. A cikinta akwai duk ginin da ake burin yi nan da shekara hamsin, da hanyoyinsa, da bishiyoyinsa, har da inda ƙofar kowanne za ta kalla. Injiniyan da aka damƙa wa aikin, wani dattijo mai shiru-shiru, ya ɗauki Kawu don ya kafa turaku a kusurwar kowane gini, ya kuma kula kada a cire. Aikin 'yan watanni ne. Kawu ya mayar da shi na rayuwa.

Labarin ranar farko kuwa mun ji shi ya fi sau ɗari. Injiniya ya shimfiɗa taswirar a kan tebur yana karanta masa sunayen gine-ginen, sai Kawu ya ɗora yatsa a wani wuri.

"Nan fa, ranka ya daɗe?"

"Ɗakin kwanan ɗalibai mata."

"Sun iya iyo?"

Injiniya ya cire tabarau ya dube shi. Kawu ya ce, "Da rani mutanenka suka zo. Nan kwari ne, gangarensa a hankali yake, ido ba ya kama shi. Ruwan da masu shinkafa suka sallamo, da na sama in damina ta yi nisa, duk nan suke haɗuwa su kwanta."

Injiniya ya ce takarda ba ta nuna haka ba. Kawu ya ce ai ruwan bai ga takardar ba.

Allah ya yi Injiniya mutum ne mai sauraro. Damina uku suka yi suna zuwa kallon wurin, kowace shekara Kawu na shata iyakar ruwa da jan fenti a jikin wani kwalbati da ke bakin kwarin. Bayan ta ukun Injiniya ya ɗauki fensir, ya soke ɗakin kwanan daga kwari, ya mayar da shi kan tudu kusa da wata tsohuwar tsamiya, ya rubuta cewa a bar kwarin wa ruwa. A jikin taswirar da ke ofishinsa kaɗai ya yi gyaran, da fensir. Ba wanda ya damu da hakan a lokacin.

Daga nan Kawu ya haddace taswirar yadda ake haddace karatun allo, daga nan kuma wahalarmu ta fara. A idonsa an riga an gama ginin jami'a. Ba ya ratsa bango. Ba ya taka wurin furanni. In zai shiga ɗakin karatu, wanda ba komai ba ne sai turaku huɗu da ƙarangiya a tsakani, sai ya zagaya ta gabas inda ƙofar take. Kuma bai tsaya a kansa ba. Leburori, da makiyaya, da masu albasa da ke ratsawa zuwa gonakinsu, duk sai sun bi hanyar da babu ita.

Ni ke kai masa abincin rana in na taso daga makaranta. Daga bakin titi ina hango farar hularsa, tafiyar minti biyar in na miƙe. Da na sa ƙafa sai in ji muryarsa ta keto fili.

"Uwata! Ta ƙofa!"

Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini.

"Kawu, wace ƙofa? Babu gini!"

"In kin saba ratsawa yau, ranar da aka yi ginin goshinki zai gaya miki. Koma ki biyo hanya."

Haka zan koma da kwando a ka, rana na dukana, in zagaye ofishin shugaba, in zagaye asibiti, in bi ta bayan ɗakin taro, in iso masa miya ta daskare. Ya buɗe kwano ya ce, "Yau ma kin makara."

Duk da haka ban taɓa ƙin zuwa ba, don ina da sirrina. A ƙarƙashin kwanon tuwo akwai littafin soyayya da nake karɓowa haya a kasuwa. Inna ba ta son ganinsu a gida, ta ce su ke sa yarinya ta ƙona miya. In na miƙa wa Kawu abinci, sai in nufi wani kalgo mai inuwa da ke tsakanin ɗakin karatu da masallaci, in shimfiɗa mayafi, in miƙe ƙafa, in bar duniya. Ko zirga-zirgar Kawu ba na ji.

A littattafan nan jami'a wuri ne mai koriyar ciyawa da furanni. Budurwa na zaune a kan benci, iska ta ɗauke mata takarda, wani saurayi mai ƙamshin turare ya tsinto ya kawo mata, sai zuciya ta buga. Da na ɗago kai sai in ga tawa jami'ar: turaku, da kashin shanu, da Kawu tsugune yana leƙen kwalbati. Wata rana na kasa daurewa.

"Kawu, a taswirar nan taku, ina aka sa benci?"

"Bencin me?"

"Na zama mana. Inda mutum zai zauna ya yi karatu, ko mutum biyu su yi hira."

"Ana maganar hanyar ruwa kina maganar benci. Karatu za su zo yi ko zance? Ɗauki kwanonki."

A ranar na yanke hukunci cewa Allah ya halicci Kawu da kirki da tsoron Allah, amma bai sa masa ko ƙwayar soyayya a zuciya ba. Na riƙe wannan hukunci sama da shekara ashirin, kuma ina da hujjoji.

Faɗanmu na gaske sau ɗaya ne, ina 'yar shekara goma sha shida. Hadari ya taso daga gabas, na ɗauki kwando zan yanke ta cikin ɗakin karatu in kai titi da wuri, sai ga muryar nan: "Ta ƙofa!" Na zagaya. Ban kai rabi ba ruwa ya ɓarke. Na jiƙe sharkaf, littafin da ke kwando ya zama kamar kunu, kuma saura shafi goma in ji ko jarumar za ta yafe wa masoyinta. Idona ya rufe. Na jefar da littafin a taɓo, na tuge turken kusurwar ɗakin karatu, na wurga shi cikin kanal, yana kallo.

Bai ɗaga murya ba. Kwana uku dai bai ce mini Uwata ba, sai "ke". Ban taɓa sanin kalma guda na iya nauyi haka ba. Rana ta huɗu ya miƙo mini sabon turke da guduma.

"Je ki mayar."

"Ban san wurin ba. Ruwa ya cike ramin."

"Za ki sani."

Ya tsayar da ni a gindin tsamiya, ya sa na ƙirga taku har inda turken yake. Da ya ga takuna bai kai nasa ba, sai ya ce lissafinsa ba zai yi mini aiki ba, dole in san nawa. Hutun makarantar nan kaf a wannan fili na yi shi. 'Yan mata na can suna kitso da lalle, ni ina bin tsoho ina ƙirge: daga nan zuwa asibiti kaza, daga asibiti zuwa ɗakin taro kaza. Ya koya mini dalilin kowace lanƙwasa. Hanya ta karkata a wajen tsamiya ne don wasu Maguzawa da iyayensu suka noma wurin suna da matattunsu a gefenta, kuma Kawu ya yi wa babbansu alkawari ba za a taka su ba. Ta karkata a bayan asibiti don akwai tsohuwar rijiya da aka cike, ƙasar ba ta da ƙarfi. Daga ɗakin karatu zuwa masallaci kuwa miƙaƙƙiya ce sak, ba ta da dalilin karkata.

Ranar da na kafa turken daidai, na ɗaga kwanon tuwo a gida, sai ga littafina a ƙarƙashi. An busar da shi shafi-shafi, an danne shi da wani abu mai nauyi har ya miƙe. Ashe duk shekarun nan ya sani. Bai taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban yi masa ba. Jarumar dai ta yafe.

Sai kuma zancen aurena, wanda har yau in na tuna raina na ɓaci. Maigidana a lokacin saurayi ne, yana aiki a wani injin casar shinkafa a Kura, kuma ina sonsa yadda ake so a littafi. An riga an gina babbar ƙofar jami'a da ajujuwa biyu, na shirya a raina za mu yi tattaki da yamma a ciki, rana na faɗuwa, ya faɗa mini kalamai. Da Kawu ya ji, ya ce madalla, shi ma zai je. Ya shiga tsakiyarmu. Kalaman da na ji a ranar su ne faɗin lambatu da zurfin harsashin gini.

Saurayin nawa, bawan Allah, ya sha sabuwar shadda da takalmi mai sheƙi. Da muka iso wurin masallaci, Kawu ya ce, "Ta ƙofa, malam." Shi kuwa don neman shiga, ya tsaya a ƙofar da babu ita, ya cire takalmi, ya shiga da ƙafar dama, ya taka ƙaya har uku. Ya daure, gumi kawai yake yi. Da muka dawo Kawu ya ce wa Inna, "Yaron nan ya san wuri. In tana sonsa, ni ba ni da ja."

Wasu ana ba da labarin soyayyarsu da wasiƙa da turare. Tawa ƙaya ce ta yanke ta. Har yau in na yi ƙorafi maigidana cewa yake, "Ke me ya same ki? Ni na yi ɗingishi mako guda."

Na yi aure, na haihu, na daina zuwa filin. Shekaru suka ja. Aka gina kaɗan daga cikin abin da aka zana, ɗalibai suka fara zuwa, mata na kwana a gidajen haya a cikin gari. Injiniya ya yi ritaya, ya koma garinsu, Allah ya yi masa rasuwa. Turakun nan masu neman itacen girki suka kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Taswirar ofis kuwa, mai gyaran fensir, aka naɗe ta aka ajiye a bayan kabad, gara ta cinye ta. Shi ma Kawu aka sallame shi saboda shekaru. Muka yi murna, muka ce tsoho zai huta, mu ma mu huta.

Ina! Kullum bayan sallar asuba sai ya hau kekensa ya tafi. Ba albashi, ba wanda ya aike shi, masu gadi ma sun gaji da tambayarsa. Ya zagaye jami'ar da aka gina, sannan ya zagaye wadda ba a gina ba, yana korar mutane daga cikin bango. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Ni ma na taɓa ce masa, "Kawu, ko jikokina ba lalle su ga ginin nan ba." Ya ce, "To sai me? In sun zo su tarar da wurin a shirye."

A littattafai, in dattijo zai cika, yakan riƙe hannun wanda ya fi so ya faɗa masa maganar da zai rayu da ita. Da jikin Kawu ya yi tsanani ya yafito ni da hannu. Na matsa, hawaye na zuba, na kai kunne bakinsa. Ya ce, "Uwata, a yashe kwalbatin nan kafin ruwan farko." Bayan wannan sai kalmar shahada, alhamdu lillahi. Amma ni rabona daga bakinsa kwalbati ne.

Ranar sadakar bakwai sabon daraktan gine-gine na jami'ar ya zo gaisuwa. Bayan ya tafi maigidana ya shigo fuskarsa a sauye.

"Kin ji abin da mutumin nan ya ce? Wai kaico Baba bai ga fara ginin ɗakin kwanan mata ba. Wai katafila na zuwa ƙarshen wata."

"To ai alheri ne."

"Na tambaye shi a ina. Ya ce inda zane ya nuna a kwamfuta. A kwari."

Zanen da ke kwamfuta na mutanen birni ne, na farko, wanda aka yi da rani. Gyaran fensir ya tafi cikin gara. Mutum biyun da suka san dalilinsa duk suna ƙasa. Kuma kwarin nan a bazara busasshe ne ƙamas, duk wanda ya gan shi zai ce ba wurin da ya fi shi daɗin gini.

Inna ta dube ni ta ce, "Tashi ki je."

"Ni? Inna, ni da na tsani yawon nan?"

"To wa? Ni ce na ƙirga taku? 'Ya'yan mutane za a kwantar a bakin ruwa kina nan kina tura baki. Da yana nan da tuni ya tafi."

Na ce ai matsalar ke nan, ya tafi ya bar mini.

Bayan kwana biyu muka hallara a gindin tsamiya: ni da maigidana, da Darakta, da wata matashiya mai zanen gine-gine da ke aiki a ofishinsa, da kuma tsohon nan babban Maguzawa, aminin Kawu, wanda ya ji labari ya taho da sandarsa. Darakta mutum ne mai ladabi, amma na ga yana duban agogo.

"Hajiya, muna girmama Baba ƙwarai. Sai dai zanen nan ƙwararru ne suka yi shi."

Na buɗe baki zan yi magana mai daɗi, irin ta mutanen da suka yi karatu. Abin da ya fito shi ne, "Da rani suka zo, yallaɓai."

Sai na dubi ƙasa. Ba turke ko ɗaya, amma ga hanya. Siririya, fara, ta daddale kamar daɓe, ƙafar Kawu da tayar kekensa da ƙafafun duk waɗanda ya takura wa sun zana ta a ƙasa. Tana miƙewa, ta yi kusurwa inda babu komai, ta sake miƙewa. Taswirar da gara ta ci ga ta nan shimfiɗe a gabanmu, kuma in damina ɗaya ta wuce ba mai takawa, ciyawa za ta rufe ta.

Na shiga gaba ina faɗin sunayen gine-gine. Matashiyar na biye tana shata hanyar a wayarta, tana haɗawa da zanen kwamfuta. Muna isa ɗakin karatu Darakta ya hango inda za mu, ya yanke ta tsakiya. Ban san sanda muryata ta keta fili ba.

"Yallaɓai! Ta ƙofa!"

Ya tsaya cak da ƙafa ɗaya a sama. Maigidana ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Tsohon ya ce, "Allahu akbar, bai mutu ba." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Darakta dai ya dawo ya bi ta ƙofa.

Can matashiyar ta ce, "Yallaɓai, zo ka gani. Duk kusurwar da hanyar nan ta yi, daidai take da zanenmu. Asibiti, ɗakin taro, masallaci, ba ta kuskure ko ɗaya ba. A kwari ne kaɗai suka saɓa. Ta ƙi shiga, ta zagaye shi, ta hau tudu ta zana gini a can wanda mu ba mu da shi."

"Wannan shi ne ɗakin kwanan mata," na ce. "Ƙofarsa na kallon kudu."

Na kai su kwalbatin. Jan fenti layi-layi a jikin siminti, na kowace damina, wasu sun koɗe, wasu sababbi. Na sama ya wuce ƙuguna. Darakta ya daɗe yana kallo, bai ƙara duban agogo ba.

"Za mu dakatar da haƙa mu ga daminar bana," ya ce.

"Uku ake gani, yallaɓai."

"Hajiya, ɗaya."

Da Kawu ne da an kai magariba ana ja. Ni na karɓi ɗaya, na roƙi a yashe kwalbatin, ya ce za a yi.

Muna komowa ta hanyar masallaci zuwa ɗakin karatu, matashiyar ta tsaya. "Hajiya, saura wuri ɗaya. Nan a zanenmu miƙaƙƙiya ce, amma hanyar Baba ta ɗan yi ciki ta dawo. Rijiya ce?"

Na duba. Lalle hanya ta kauce kamar taku biyar, ta zagaye wani ɗan fili da ba komai a cikinsa, ta koma kan layinta. Na ce ban sani ba. Na ƙirga wannan hanyar da ƙafata, kuma shi da bakinsa ya ce ba ta da dalilin karkata.

Tsohon ya soki ƙasa da sandarsa, ya tono wani ruɓaɓɓen kututture. "Kalgo ne a nan da, aka sare. Marigayi ya fi shekara ashirin yana zagaye wurin nan, mu ma ya sa mu zagaye. Na taɓa ce masa, 'Kai, nan kuma wane gini ne?' Ya ce, 'Ba gini ba ne, benci ne. Ba a taka benci.'"

Ashe a tsakiyar hanyarsa nake miƙe ƙafa ina karatu duk shekarun nan. Mutumin da ya hana daraktoci da makiyaya karkata ko taku ɗaya, ya riƙa karkata hanyarsa don kada ya tashe ni daga littafin da yake yi kamar bai san da shi ba. Na yi aure na tafi, kalgon ya tafi, shi bai daina zagayawa ba.

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, kuma rabinsa na haushi ne. Me zai rage shi in ya faɗa mini? Kalma ɗaya! Ya bar ni shekara da shekaru ina cewa ba shi da zuciya, ya tafi da maganar kwalbati a baki, sai da na ji a bakin wani a gaban baƙi.

Matashiyar ta jira na share fuska, sannan ta ce a hankali, "Babu benci a zanen, Hajiya."

Na ce, "Ki sa."

Ina rubuta wannan ne damina ta yi nisa. Makon jiya ta turo mini hoto a waya: kwarin ya cika maƙil, balbelu na tsaye a inda aka so sa gadajen 'yan mata. An kafa sababbin turaku a kan tudu kusa da tsamiya, ƙofa na kallon kudu. Bencin kuwa yana cikin kwamfuta, ban san shekarar da za a yi shi ba.

Ciyawa ta taso tana neman cinye hanyar, don haka duk Asabar da safe nake zuwa in taka ta. Ba so nake ba. Ƙafafuna na ciwo, taɓo na ɓata mini zane, ɗalibai na nuna ni suna ƙus-ƙus, kuma jiya na ji wani mai adaidaita ya ce wa ɗan'uwansa kada ya ɗauke ni. In na iso wurin kalgon sai in zagaya.

Ya Allah, ka gafarta wa Kawu, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ya tarar da wurinsa a shirye. Ka buɗe masa ƙofar Aljanna sosai, don na san halinsa: ta ƙofa kaɗai zai shiga.